Ɗana ya kama haya a gidan ɗan Tirinidad a Landan, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Landan, ya kama ɗaki a gidan wani dattijo ɗan Tirinidad. Ni dai a wasannin talabijin, mutanen Karebiyan ɗin nan duk 'yan Jamaika nake gani, ga tukkun gashi, ga wiwi, ga bindiga. Ina tsoron su lalata min yaro. In ce ya tashi?

Amsa: Hajiya, ki bar yaro ya yi karatunsa.

Wannan "duk 'yan Jamaika ne" ta ishe ni, har ɗalibaina sai na yi ta fama da su a kanta. Tazarar Jamaika da Tirinidad ta ninka ta Kano da Legas. Kusan sulusin mutanen Tirinidad ma jikokin Indiyawa ne da aka fara kaiwa aikin rake a 1845, akwai Musulmi a cikinsu da masallatansu. A Jamaikan kanta, 'yan Rasta kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari. Yawancin jama'a Kiristoci ne masu zuwa coci. Mai shirya wasa ne ke son mugu cikin gaggawa, sai ya ɗora wa ɗan wasa tukku da karin harshe, ya huta. Mu kuma mu haddace, mu yaɗa a WhatsApp kamar mun je mun gani.

Kuma jita-jitar nan ta taɓa cin mutane. A 2020 BBC ta nuna Small Axe, jerin finafinai na darakta Steve McQueen. Kashi na farko labarin gaskiya ne na Frank Crichlow, ɗan Tirinidad mai gidan abinci na Mangrove a unguwar Notting Hill da ke Landan. 'Yan sanda suka yi ta kai masa samame da sunan neman ƙwaya, ba su samu ba. Da jama'a suka fito zanga-zanga, aka gurfanar da mutum tara, kotu ta wanke su daga zargin tayar da tarzoma a 1971. Zaton da kike yi wa mai gidan ɗanki, shi 'yan sandan nan suka yi wa Crichlow.

In kina son ganin zaman gidan mutanen Karebiyan, ki nemi wasan talabijin na Desmond's, wanda aka yi daga 1989 zuwa 1994: mai aski ɗan ƙasar Gayana a unguwar Peckham da ke Landan, da matarsa da 'ya'yansa, kullum yana mafarkin komawa gida.

Abin tambayar ɗanki shi ne ko an ba shi takardar yarjejeniyar haya, kuma nawa yake biya. Idan kin kira shi, ki ce ya ba ki dattijon ku gaisa.