Yarinyata za ta iya sa kayan gargajiyar Wels ranar Dewi Sant?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna zaune a Kadif, babban birnin Wels a Birtaniya, ni da maigida, yana karatu, to makarantar su yarinyata mai shekara 7 sun aiko takarda wai ranar 1 ga Maris kowane yaro ya zo da kayan gargajiyar Wels ko ya maƙala furen nan mai ruwan ɗorawa, za su yi gasar waƙe, ita kuma sai kuka take min kar a bar ta ita kaɗai da yunifom. Kuma na ji ranar ta wani waliyyin Kirista ce. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Ƴar uwa abubuwa biyu ne suka haɗu a ranar nan, sai an raba su kafin a yi hukunci.

Shi Dewi Sant, waliyyin da kika ji ana faɗa, malamin coci ne da ya rayu a ƙarni na 6, ana cewa ya mutu 1 ga Maris wajen shekarar 589, babban cocin da ke ɗauke da sunansa yana Pembrokeshire can yammacin ƙasar, kuma suna ba da labari wai yana wa'azi a Llanddewi Brefi ƙasa ta taso ƙarƙashin ƙafarsa ta zama tudu don na baya su ji shi. To duk abin da ya shafi wannan ɓangaren, zuwa coci, waƙar yabon addininsu, addu'a da sunansa, wannan ibada ce kuma ba ta halatta gare mu ba ko babba ko yaro. Annabi (SAW) da ya zo Madina ya tarar suna da kwana biyu na wasa tun jahiliyya, sai ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, Abu Dawud ya ruwaito daga Anas. Idin addini namu biyu ne ba na uku. Kuma dokar can ta ba iyaye damar cire yaro daga addu'ar taron safe ta makaranta, takarda kawai za ki rubuta musu cikin ladabi.

Amma kayan da furen fa ba daga coci suka fito ba, nan ne nake so ki natsu. Doguwar baƙar hular nan da mayafin ulu da jan siket, sutura ce ta matan ƙauyen Wels da wata mata Lady Llanover ta tallata a ƙarni na 19 don kishin yarensu da saƙarsu. Albasar nan mai lawashi da suke maƙalawa tatsuniyarta ta yaƙi ce, wai mayaƙansu sun soka ta a hula don su gane juna a gumurzu da Saksonawa, wato mutanen Ingila na da, shi kuwa furen mai ruwan ɗorawa da ake kira dafodil ma daga baya ya samu shiga. Gasar da suke kira eisteddfod kuma ta baituka ce da rerawa da harshensu, mutane ne da aka taɓa rataya wa yaransu katako a wuya a wasu makarantu in sun yi yarensu, shi ya sa kika ga sun riƙe abin da ƙarfi haka, kuma ni wallahi ina ganin girman duk al'ummar da ta ƙi yarda harshenta ya mutu.

Ƙa'idar malamai ita ce asali a ibada hani ne sai da dalili, asali a al'ada halasci ne sai in dalili ya hana. Hadisin wanda ya yi kamanceceniya da wasu mutane yana cikinsu gaskiya ne, amma a kan abin da ya zama alamar addininsu ne kamar gicciye, ai Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito Annabi (SAW) ya sa jabbar mutanen Sham mai matsattsen hannu alhali lokacin Sham na hannun Rumawa Kiristoci. Allah ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, kuma a Suratul Mumtahana aya ta 8 bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba.

Ba zan ɓoye miki ba akwai malaman da suka hana duka, suka ce tunda ranar da sunan waliyyin ake kiranta to komai na cikinta girmama shi ne, maganarsu tana da nauyi kuma wanda ya bi ta don tsantseni bai yi laifi ba. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne yarinyar za ta iya sa kayan da furen a matsayin alamar ƙasar da take zaune, dama suturar mai rufe jiki ce, ta yi waƙen da babu shirka ko yabon addininsu a ciki, ki nemi malamar ajinsu ta fassara miki baitukan tun kafin ranar.

Sai abinci, nan ne iyaye suke yin sakaci. Romon nan cawl da naman rago ake yi wani sa'in har da na alade, in ba yankan halal ba ne kar ta sha, ƙananan kek ɗin nan nasu masu zabibi kuma wasu da kitsen alade suke kwaɓawa, ki tambaya ko ki toya mata naki da bota ta tafi da shi har ta raba wa ƙawayenta. Daren ranar ki zaunar da ita ki gaya mata me ya sa ta sa hular kuma me ya sa ba ta shiga addu'ar ba, ƴar shekara 7 tana ganewa sarai.

Wallahu a'alam.