Ɗana Yana Aiki, Amma Ko Gishiri Ba Ya Sayowa

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 27 yana aiki, muna tare a Unguwar Rogo, Jos. Albashinsa ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma ko gishiri ba ya sayowa. Babansa ya yi ritaya. In ce ya riƙa biyan kuɗin abinci? Ɗan fari ne, nauyinsa nake ji.

Amsa: Hajiya, kada ki kira shi kuɗin abinci, gidan uba ba otal ba ne. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ke cefane a kasuwar Farin Gada ta Jos ya san fansho kaɗai ba ya riƙe gida. Ki tura kawunsa ya ɗora masa abu guda duk wata: katin wuta ko gas. Ni gas na ɗora wa nawa. Daga ranar da ya sauko da silinda daga keke yana haki, ya daina barin ruwan shayi yana ta tafasa.

In lefe yake haɗawa, ki sassauta masa, amma kawun ya tabbatar tarawar yake yi.