Ma'aji da Baitulmali: amsar tambayarka

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya tare da iyali. Ka ce ka halarci naɗin Ma'aji a fada, kana so ka san mene ne aikinsa, tunda kuɗin jiha yanzu ba a fada ake ajiye su ba.

Sunan kansa ya faɗi aikin: ma'aji daga ajiya yake, wato wanda aka ba ajiya. Shi ba mai kuɗin ba ne, kuma ba shi ke yanke inda za a kashe su ba. A wasu masarautu ana cewa Ajiya, kamar Bauchi. A Katsina kuwa Mutawalli ne mai kula da taskar sarki, sarautar da Musa 'Yar'aduwa ya riƙe, daga baya ɗansa Umaru ya gaje ta.

Kafin zuwan Turawa, kuɗinmu wuri ne, ga hatsi da tufafi da dawakai da ake kawowa fada. Ana ƙirga wuri biyar biyar, a tara shi tsibi tsibi, in ya kai 20,000 a ɗure a keso, wato buhun tabarma. Dukiya ce mai nauyi, sai da jakuna da 'yan dako, don haka ajiyarta aiki ne na amintacce. A shari'a kuwa hanyoyin shigar baitulmali sanannu ne: harajin ƙasa, jiziya, humusin ganima, gadon wanda bai bar magaji ba, da dukiyar da aka rasa mai ita. Zakka tana da nata masu haƙƙi guda takwas, ba a cuɗa ta da sauran. Shehu Usmanu ya soki sarakunan Haɓe a kan jangali da sauran karɓe-karɓen da ba su da tushe a shari'a, ko da yake jangalin bai mutu ba.

Babban sauyi ya zo zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta masarauta a ƙarƙashin mulkin Turawa. A Katsina aka fara kafa Baitulmali na tsari, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, wajen 1911 kuma abin ya bazu a lardunan Arewa. Da farko akan raba haraji biyu, rabi na gwamnati rabi na En'e. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an raba aljihun sarki da asusun jama'a: sarki ya koma karɓar albashi, hakimai da alƙalai da dogarai ma haka, kowa sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙarshen wata.

Ga yadda kuɗi ke tafiya a wancan zamanin. Bayan damina malaman haraji su ƙidaya magidanta, a yanka wa kowane gari abin da zai biya. Jangali kuwa da damina ake karɓarsa, a kan kowace saniya. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya ɗaure kuɗin a jakunkuna a rako su birni da dogarai. Jaka ɗaya fam 100 ce. Shi ya sa bayan canjin kuɗi na 1973, da fam ta zama naira biyu, har yau in an ce jaka ana nufin naira 200. A Baitulmali a zazzage, a ƙirga a gaban wanda ya kawo, a gwada da rasit, a shigar a littafi, sannan a kulle. Fitar kuɗi kuma sai da bauca mai sa hannun mai iko, kuma sai in abin yana cikin kasafin shekara.

A nan ne mutane ke ganin baƙin ma'aji. Sarki ya ce a bayar, ma'aji ya ce babu shi a kasafi, sai a ce rijiya ta bayar guga ya hana. Alhali wannan hanawar ita ce aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ɓarna takan shigo ta ƙofa uku: dagaci ya ɓoye wasu magidanta ko shanu ya ci kuɗinsu, a karɓa ba a yanka rasit ba, ko babba ya ranci kuɗin akwati da niyyar mayarwa kafin bincike. Na ukun ya fi kayar da ma'aji, domin ranar da Di'o, wato jami'in mulki na yankin, ko odita ya zo ƙirga ba zato, shi za a tambaya, ba wanda ya ranta ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Baitulmali ya koma hannun ƙaramar hukuma, wadda har yanzu tana da nata ma'aji ma'aikacin gwamnati. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

A matakin jiha an rarraba aikin. Kwamishinan kuɗi ne mai tsara manufa, hukumar tara haraji ke karɓa, Akanta Janar ke riƙe asusu yana biya, Odita Janar ke bincike ya kai rahoto majalisar dokoki. Sashe na 120 na tsarin mulkin 1999 ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar da ta ba da izini. To, Akanta Janar shi ne magajin ma'aji na gaskiya. Wanda ka ga an naɗa a fada, rawanin girmamawa ne da shawara ga sarki, kuma ya kamata a duba riƙon amanar mutum kafin a ɗaura masa shi.

Ka gaida mahaifiyarka da yara.