Amsa ga ɗiyata kan zancen haihuwa

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce ke da maigidanki kuna shawarar ko ku haƙura da haihuwa saboda sauyin yanayi, kina tambaya ko al'adarmu ta san da irin wannan.

Tsoronki yana da tushe. Ni na ga farin 1973, shanu na faɗuwa a bakin rijiya, rumbuna wayam, ga na 1984 ya biyo baya. Tafkin Chadi ya janye nesa da inda yake a shekarun 1960. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Duk mai hankali dole gabansa ya faɗi.

Amma a rufe ƙofar haihuwa ɗungurungum don fargabar gobe, wannan ba mu gada ba, kuma kin san arzikin kowane rai yana hannun Allah. Abin da muka gada shi ne tazara. Mace takan tafi gidansu wankan jego, ta huta, ta shayar da ɗanta shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya ambata, sannan a yi yaye. Wadda ta yi kwanika kuwa tsofaffi faɗa suke mata, mijin ma ba ya tsira, domin sun san wahalar kan uwa da ɗan goyon take ƙarewa. Masu cewa gargajiya ita ce a yi ta jera yara duk shekara ba su zauna da kakanninmu ba.

Kada kuma ki ɗora wa jaririn da bai zo ba laifin wasu. Hayaƙin da ke ɗumama duniya, rabon Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 ne cikin 100. Mafi yawansa daga Sin da Amurka da Turai yake fitowa. Dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka daina sare tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har miliyoyin bishiyoyi suka dawo. Da yawan manoman nan a cikin wancan farin da na ambata suka tashi, kin ga ɗan da aka haifa cikin wahala ma yana iya zama mai gyara.

Ki zauna da maigidanki ku duba ƙarfinku, yara nawa za ku iya ciyarwa, ku ba su ilimi da tarbiyya. Ku je asibiti tare a yi muku bayanin hanyoyin tazara, ku tambayi malamin da kuka yarda da iliminsa. Kada ki sha komai a ɓoye. In surukarki ta fara ƙorafin jinkiri, ki sanar da ni, ni zan je in same ta.