Tambaya da Amsa: Girman Tsaka Mai Tukku da Hayayyafarta

Wasiƙun wannan karon duk a kan dabba ɗaya suka taru, wato tsaka mai tukku, wadda wasu ke kira mai gira saboda 'yan tsinkayen fata da suka taso daga saman idonta suka gangara bayanta. Asalinta tsibiran Sabuwar Kaledoniya ne a kudancin tekun Pasifik. Wani masani ɗan Faransa, Alphonse Guichenot, shi ya fara bayaninta a 1866, daga nan aka daina ganinta har aka ɗauka ta ƙare, sai a 1994 aka sake gano ta. Hukumomin can sun hana fitar da ita daga daji, don haka waɗanda ake kiwo yau a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsakata ta kai wata takwas amma nauyinta giram 6 kacal, alhali na ga tsararta a wajen wani ta kusa giram 20. Ko ciwo ne ke damunta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin kiran abin ciwo. Wannan tsaka ba ta girma da kalanda. 'Ya'ya biyu na uwa ɗaya, waɗanda suka fito rana ɗaya, sai ka ga ɗaya ya ninka ɗan'uwansa kafin shekara. Ana ƙyanƙyashe ta da giram 1.5 zuwa 2, kuma babba kan tsaya tsakanin giram 35 da 55. Wata ta kai can a shekara ɗaya da 'yan watanni, wata sai ta cinye shekara biyu, wani lokaci har da ɗoriya.

Abin dubawa shi ne ko nauyin yana hawa. Ka samu ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, ka ɗora kofin roba, ka mayar da lambar sifili, sannan ka sa ta ciki. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, kuma ka riƙa rubutawa. In tana ƙara ko da rabin giram ne a wata, tana kashi, tana saɓa ba matsala, to ƙalau take, jinkirin girma ne kawai. In nauyin ya tsaya cak wata biyu, ko ya fara sauka, to akwai magana.

Galibi laifin na keji ne. Mutum ya sayi babban akwatin gilashi ya jefa 'yar tsaka mai giram 5, ita kuwa ta maƙale a lungu ɗaya ba ta ma san inda abinci yake ba. Wadda ba ta kai giram 10 ba ƙaramin mazubin roba mai ramukan iska ya fi mata, da takardar goge hannu a ƙasa don ka ga kashinta, da ganye da rassa, da murafun kwalba biyu na abinci a wurare daban. Keji mai faɗin santimita 45 da tsayin 60 na babba ne.

Sai yanayi. Tana son digiri 22 zuwa 26 a ma'aunin salshiyos. In sanyi ya yi yawa, narkar da abinci ya yi nauyi, ci ya ragu. Zafi kuwa ya fi haɗari: daga 28 ta fara galabaita, in ta daɗe a sama da 30 tana iya mutuwa. A fesa ruwa da yamma har danshi ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, a bar kejin ya sha iska da rana ya sauko kusan 50.

Abincinta garin da aka haɗa musamman dominta ne, irin na kamfanin Repashy ko Pangea. Awo ɗaya na gari, kusan biyu na ruwa, a dama har ya riƙa zubowa daga cokali a hankali. A ajiye da daddare, a sauya bayan kwana ɗaya ko biyu. Kada ka tsammaci ganin kwano wayam. Cikin jaririya ƙanƙane ne, 'yar alamar lasa da ka gani a saman abincin ita ce shaidar ta ci. Amma abin da ke bambanta mai saurin girma da mai jinkiri shi ne ƙwari. Ka ba ta gyare ko ƙananan kyankyason kiwo, nau'in da ake kira dubiya, uku zuwa biyar, sau ɗaya ko biyu a mako, bayan ka barbaɗe su da garin kalsiyam mai bitamin D3. Kada tsawon ƙwaron ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. In ka gyara duk wannan nauyin bai motsa ba, ko kashin ya zama ruwa-ruwa mai wari, ka kai wa likitan dabbobi sabon kashi ya duba tsutsar ciki.

Tambaya: Yaya ake gane namiji da mace? Kuma tawa ta yar da wutsiya, za ta sake fitowa?

Amsa: Wutsiyar kam ta tafi ke nan, Malama. Wasu ire-iren tsaka kan sake tsiro da ita, wannan ba ta yi. Ba ya hana ta rayuwa ko haihuwa, a daji ma yawancin manya ba su da ita. Ki tsaftace keji kawai har wurin ya warke.

Namiji yana da kumburi biyu a gindin wutsiya, bayan mafitar kashi, wanda kan bayyana idan ya kai giram 15 zuwa 25. Kafin nan sai da gilashin ƙara girma mai ninki 30 ko fiye: a dubi ɓawon fatar da ke gaban mafitar kashi, na namiji yana da ɗigo a tsakiya, jere-jere. Wasu matan ma suna da abin da ya yi kama da haka, shi ya sa ba ma yanke hukunci cewa mace ce sai ta wuce giram 25 wurin yana nan a shafe.

Tambaya: Macen tawa tana da wata 14, giram 30, namijin kuma ya isa. Zan iya haɗa su yanzu?

Amsa: A'a, Malam, ka dakata. Za ta iya ɗaukar ƙwai a wannan nauyin, amma iyawa daban, dacewa daban. Ƙa'idar da muke bi ita ce mace ta kai giram 40, ko 35 zuwa 38 in ba ta da wutsiya, kuma ta cika aƙalla wata 18. Shekara biyu ma ta fi. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya. Wadda aka ɗura wa ƙwari ta yi ƙiba a wata goma nauyi kawai gare ta, ƙashinta bai ƙosa ba. Namiji giram 30 zuwa 35 ya wadatar.

Dalilin yana cikin ɓawon ƙwai. Mace tana saka ƙwai biyu duk bayan kwana 30 zuwa 45, kuma ta yi ta yi har wata bakwai ko takwas. Kowane ɓawo daga kalsiyam ɗin jikinta ake gina shi. Tana da ma'ajiya, wasu fararen jakunkuna biyu a can cikin ganɗarta. In ka shafa gefen bakinta a hankali ta buɗe, za ka hango su. Kafin barbara ya kamata su kasance a cike, fari tas. In ma'ajiyar ta ƙare, jiki sai ya koma ƙashi yana yagar abin da yake buƙata. A nan ne za ka ga wutsiya ta lanƙwashe kamar igiyar da aka murɗa, muƙamuƙi ya yi laushi har baki bai rufuwa daidai, ƙafafu suna karkarwa, ta kasa riƙe gilashi. Ƙaramar mace, wadda ita kanta ba ta gama gina ƙashinta ba, ita ce ta farkon faɗawa, kuma ita ce ƙwai ya fi maƙalewa a cikinta.

Ga abin da yawanci ba a faɗa wa sabon mai kiwo: raba su bayan barbara ba ya tsayar da komai. Mace tana ajiye maniyyi a jikinta, barbara ɗaya ta ishe ta yin ƙwai masu ɗa na tsawon watanni. Wato ranar da ka haɗa su ka ɗaura mata aikin kakar haihuwa guda, ba ja da baya.

Idan lokaci ya yi, ka sa su tare na mako ɗaya ko biyu kana lura. Namiji zai cije ta a wuya ko a tukku, za ka ji 'yan ƙananan kuka da dare. Wannan ba komai. Amma in ta daina ci, ko rauni ya buɗe, ka cire shi. Maza biyu kuwa ba a haɗa su keji ɗaya ko da wasa. Bayan kakar ta wuce, a ware ta wata uku zuwa huɗu, a ɗan rage ɗumi zuwa digiri 19 zuwa 21 don ta daina saka ƙwai ta mayar da jiki. In nauyinta ya faɗi ƙasa da giram 35 a tsakiyar kaka, ko ƙwai ya fara fitowa da ɓawo mai tabo-tabo kamar ba a gama shafe shi ba, hutun nan ya zo da wuri, kada a jira. Mai karkarwa kuwa ta wuce gyaran gida, likita za a kai ta.

Tambaya: Na tono ƙwai biyu a ƙasan keji. Ɗaya fari ne, ɗaya rawaya kuma ya loɓa. Me zan yi da su?

Amsa: Da farko, Hajiya, ki tanadar mata wurin saka ƙwai don kada ki riƙa tono a duk faɗin keji: mazubin roba mai murfi, a huda ƙofa a sama, a zuba garin ɓawon kwakwa ko gansakuka mai danshi zurfin santimita 8 zuwa 10. In kin ga tana yawan sauka ƙasa tana tono, cikinta ya yi faɗi, to saura kwana kaɗan.

Ƙwai mai ɗa fari ne, mai ɗan tauri kamar fata. Ki shiga ɗaki mai duhu ki haska shi da ƙaramar tocila: za ki ga jan zobe da siraran jijiyoyi a gefe ɗaya. Wannan gefen shi ne sama. Ki ɗiga masa alama da fensir, kuma daga ranar kada a juya shi. Ƙwan kaza ana juyawa, na tsaka ba a yi, domin ɗan ya riga ya manne a bango ɗaya, juyawa na iya kashe shi. Rawayan nan mai yiwuwa baragurbi ne. Ƙwan farko na sabuwar uwa sau da yawa haka yake fitowa, mace ma da ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya saka irinsa. Duk da haka ki ajiye shi a gefe guda har sai ya yi wari ko ya rushe, don ido yana ruɗi.

Mazubin ƙyanƙyasa: roba mai murfi, da famikulait (wani ma'adini mara nauyi mai riƙe danshi) da ruwa nauyi ɗaya a sikeli, misali giram 50 da giram 50. Ki matse a tafin hannu. Ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Ki binne ƙwan rabi, ki rufe, ki buɗe sau ɗaya a mako iska ta shiga. Loɓawa da wuri alamar bushewa ce, sai a ƙara ruwa kaɗan a gefen mazubin, ba a kan ƙwan ba. Ruwa in ya yi yawa kuma, ƙwai ya kumbura fiye da kima, fumfuna ta kama shi. Fumfuna kaɗan a kan ƙwai mai rai ana share ta da auduga busasshiya.

A digiri 22 zuwa 24, ki sa ran kwana 65 zuwa 90. In wurin ya fi haka sanyi yana iya kai 120. Akwai masu ɗaga zafi zuwa 27 don ƙyanƙyasa ta zo da wuri. Tana zuwa da wurin, amma jariran kan fito ƙanana marasa ƙarfi, kuma mu ba mu ga ribar kwana goman da aka rage ba. Daf da fitowa ƙwan zai yi gumi ya ɗan saki. Kada ki yanka shi don taimako, ɗan yana da haƙoran fasa ɓawo. Na biyun yakan biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya: Jaririn ya kwana uku bai taɓa abinci ba. Kuma ina da tsaka biyu masu launin fari-fari da ake kira Lilly White, mace da namiji, ina son in haɗa su don in samu farare sosai.

Amsa: Jaririn yana rayuwa ne da sauran gwaiduwar da ya shanye kafin ya fito. Sai ya yi saɓar farko, ya cinye fatar, sannan ya nemi abinci, abin da kan ɗauki kwana uku zuwa mako guda. Ka ajiye masa damammen garin a murfin kwalba, ka fesa ruwa safe da yamma, ka duba yatsu da ƙarshen wutsiya kada tsohuwar fata ta ɗaure su ta hana jini gudu. Ƙwari sai bayan mako biyu zuwa uku.

Lilly White biyu kuwa kada ka haɗa. Wannan launi ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi. Ɗan da ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, yana mutuwa a cikin ƙwai ko jim kaɗan bayan ya fito, kuma a lissafi ɗaya cikin kowane huɗu haka zai kasance. Ka haɗa kowannensu da tsaka mai launin asali. Kusan rabin 'ya'yan za su fito Lilly White.