An cire wa mijina saifa bayan hatsari, kuma mun riga mun ce mun yafe

Tambaya: Barista, mota ce ta buge maigidana yana kan babur. A asibiti aka ce haƙarƙarinsa biyu na hagu sun karye, aka ba shi magani aka sallame shi. Dangin direban suka zo da dattawa, suka ba mu kuɗin magani, muka ce mun yafe. Bayan kwana huɗu sai ya yanke jiki ya faɗi. An yi masa tiyata an cire saifa, an kuma tarar hantarsa ta tsage. Yanzu direban ya ce ba ruwansa. Muna da sauran haƙƙi?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Haƙƙin neman diyya na maigidanki ne shi kansa. Yafiyarki ko ta 'yan'uwansa ba ta ɗaure shi. In ma da bakinsa ya yafe, kotu za ta duba me aka yafe: karayar da kowa ya sani a ranar, ko duk abin da zai biyo baya. Takardar da ta ce an kashe maganar gaba ɗaya ita ce ke da wuyar warwarewa. Don haka kada ya sa hannu a komai yanzu, ko wane dattijo ya kawo.

Direban zai fake da kwana huɗun nan, ya ce ai lafiya lau aka sallame shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Saifa tana kwance ne ƙarƙashin haƙarƙarin hagu na ƙasa, hanta kuma ta dama, kuma likitoci sun san bugu na iya sa jini ya taru cikin saifa ta fashe bayan kwanaki. Irin wannan bugu kan taɓa ƙoda, hanji ko huhu, saboda haka ku nemi likitan da ya yi tiyatar ya rubuta duk abin da ya gani da abin da ya jawo shi. Ku haɗa da hotunan asibiti, rahoton 'yan sanda, da kowane rasit, domin kuɗin da aka kashe sai da shaida kotu ke bayarwa.

Ana iya ƙarar direban, da mai motar in direban ma'aikacinsa ne yana bakin aiki. Inshorar dole da ke kan kowace mota a Najeriya ta shafi raunin da aka yi wa wani. Lauya zai duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na Najeriya (NIID) don gano kamfanin inshorarta.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane kan lissafa kuɗin tiyata kawai. Wanda ba shi da saifa yana buƙatar rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, kuma zazzaɓin cizon sauro na iya yi masa tsanani har ƙarshen rayuwa. Wannan, da kwanakin da ya rasa na neman abinci, duk suna cikin diyya.

Asibitin farko kuwa, sai wani likita ya shaida cewa rashin duba cikin maigidanki sakaci ne. Hukumar kula da likitoci ta Najeriya (MDCN) tana ladabtar da likita amma ba ta ba da diyya. In asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, don haka ku ga lauya cikin makon nan.