Yaya, ga dalilin da muke shimfiɗa ulun dutse a saman silin

Yaya, ka ce mu da muka zauna a Ingila mun zama Turawa, har gida ma sai mun sa masa bargo, alhali filayenmu a Kano ko katanga babu. Maganar ta yi mana ciwo, domin kuɗin da ake turowa gida daga abin da aka rage a kuɗin gas yake fitowa. Gidan da ba a rufe samansa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi yake gudu. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mutanenmu a Manchester da Leeds da Birmingham suka daina wasa da wannan aiki.

Bargon nan shi ne ulun dutse, wato baƙin dutse da ake narkawa a wuta mai zafin kusan digiri 1500, a kaɗa shi ya zama zare-zare, a matse shi ya zama naɗi ko falle. Ba ya kama wuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin wanda ya ga gobarar dogon benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu.

Kaurin da ake so a saman silin santimita 27 ne. Ana fara shimfiɗa na santimita 10 a tsakanin katakan da ke riƙe da silin, sannan a ɗora na santimita 17 a gicciye, don ya rufe katakan su ma. Wuƙa mai haƙora ake yanka shi da ita. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu da tabarau, don ƙaiƙayinsa ba daɗi, kuma ya taka katako kawai. Silin ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Inda mutanenmu suka fi ɓata aikin shi ne kaya. Ka san mu da ajiya: akwatunan lefe, jakunkunan tsaraba, manyan tukwanen suna, duk saman silin ake tura su. Ɗumin kuwa iskar da ke cikin ulun ce take riƙe shi, da zarar an danne shi amfaninsa ya ragu sosai. Sai a kafa gajerun ƙafafu a kan katakan, a ɗora allo a sama, kayan su hau allon.

Sai kuma tururi. Mu ba mu bar girkinmu ba, Yaya, ko da an ce muku yaranmu ba su san tuwo ba. Miyar kuka tana kan wuta, ana dafa ganda na sa'o'i, wanki na shanye a ɗaki saboda ruwan sama. Bayan an sa ulu, ƙarƙashin rufin ya fi da sanyi, tururin da ya haura sai ya koma ruwa a jikin katako, fumfuna ta fito, katako ya ruɓe. Shi ya sa ba a cusa ulun har bakin rufi. A bar aƙalla santimita 2.5 iska ta riƙa ratsawa. Bututun fankar banɗaki da ta kicin ya fita waje, kada ya tsaya a saman silin.

Wayar wuta mai ɗaukar nauyi, kamar ta hitar wanka, a ɗora ta bisa ulun, in an binne ta zafi take yi. Fitilun da aka nutsa cikin silin a kifa musu murfi. Tankin ruwa kuma ba a sa ulu a ƙarƙashinsa, gefensa da samansa da bututunsa ake naɗewa, in ba haka ba ruwan ya daskare ya fasa su.

Kakanninmu da suka yi soro da azara da laka mai kauri sun san rufi shi ne gida. Ku da kuka koma kwano kuna kwana a tsakar gida a watan Afrilu, ulun nan zai yi muku aiki a bisa silin, ya tare zafin kwano kafin ya sauko. Ku dai ku toshe duk inda ke yoyo tukuna, domin jiƙaƙƙen ulu ba ya tare komai sai ya bushe.